Labule a Ɗakin Bakwaini

Laraba 9 ga Agusta, bayan la'asar

Yau ma babu kuran, wato wutar lantarki. Tun da abin nan ya faru aka rufe iyaka, wuta sai dai ta leƙo ta gaishe mu ta koma. Maganar manya ba zan zuba ta a nan ba, rediyo ya ishe ta. Ni abin da ya dame ni ɗakina ne, ɗakin bakwaini na asibitinmu, inda ni Ramlatu nake majo, shugabar ma'aikatan jinya, tun kaina bai fara furfura ba. Kwalaben da muke sa jarirai a ciki don ɗumi da wuta suke aiki, ba da faɗan majo ba.

Da hantsi Mai Nasara, surbeyan ɗin asibiti mai sa ido a kan ma'aikata da kayan aiki, ya zagayo da fuskar ta'aziyya ya ce gazuwal ɗin gurup, man injin da ke ba mu wuta, ya ja baya. Daga yau ɗakin tiyata da firijin jini ne a gaba, mu kuma abin da ya rage. Na tambaye shi ko in gaya wa jariran su dakata da jin sanyi har a buɗe iyaka. Ya yi kamar bai ji ba, ya wuce.

Bai daɗe da fita ba ambilans ta kawo mana wata daga Gidimuni, sunanta Kulu, tare da uwar mijinta, wata tsohuwa mai baki ana ce mata Hajjo. Shekara biyar Kulu tana jiran ciki, da ya zo kuma ya ƙi cika wata tara. Namiji ne. Na ɗora shi a sikeli, kilo ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba, zabo ya fi shi nauyi. Ga damina, ga iskar ruwa tana shigowa ta taga. Na taɓa ƙafarsa na ji ta kamar gindin randa.

Yaron nan ba zai tafi a hannuna saboda gazuwal ba, in Allah ya yarda.

Alhamis 10 ga Agusta, da azahar

Dokta Lubna, likitar yara da aka kawo mana bara, ta tara mu a bakin ƙofa. Ta ce a wurin istaj ɗinta, inda ta yi koyon aiki, ta ga ana raya bakwaini ba tare da kwalba ba. A tuɓe jariri, a bar masa hula, a kwantar da shi tsakanin nonon uwarsa fata da fata, a ɗaure da zane, dare da rana. Ɗumin jikin uwa ya isa. Ta daɗe tana faɗin wannan, ni ce nake cewa to, to, ina wucewa. A raina cewa nake yarinyar da aka haifa ina gardin dare a asibiti ce za ta koya mini goyo? Goyo a baya muka san shi.

Yau ba ni da kwalba, sai na ce a gwada. Muka fara da Bilkisu mai haihuwa ta huɗu, wadda ba ta jin kunyar kowa. Kafin a kira salla ma'aunin zafi ya hau, 'yarta ta yi jawur ta kama barci. Na sake aunawa don kada Dokta ta ga na yarda da wuri. Gaskiya ta san abin nan, har yadda ake karkata kan jariri don numfashi, da yadda ake ba da nono da ɗan ƙaramin kofi. Ni ban san su ba, yau na koya.

Sai muka zo kan Kulu. Ta tatsi nono ba musu, ta miƙo kofi fuskarta na kallon bango. Da aka ɗauko yaron za a ɗora mata, sai ta ja zane ta rufe ƙirji ta sunkuyar da kai. Dokta ta lallasa, ta yi bayani, har ta gaya mata sanyi yana iya kashe shi. Kulu hawaye kawai take, ko kallonsa ba ta yi ba. Da muka fito Dokta ta ce tana tsoron ciwon damuwar nan ne na bayan haihuwa, ko kuma ba ta son yaron.

Na ce mata, "Dokta, ɗan fari ne."

Ta tsaya tana kallona. Ta san kunyar ɗan fari a baki, amma ba ta ɗauka har yanzu akwai masu riƙe ta da ƙarfi haka ba. A gidan su Kulu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta rungume shi a idon mutane, balle uwar miji na leƙe ta taga. A ce ta tuɓe ta manna shi a ƙirji cikin ɗaki cike da ido? Gara a ce ta yi rawa a kasuwa.

Na san abin da nake faɗa. Ba sai na rubuta yadda aka yi na sani ba.

Alhamis, bayan magariba

Na sa autata Hadiza ta kira lambar yayanta, na Gwaggo, can wajen haƙar zinariya. Ba ta shiga ba.

Juma'a 11 ga Agusta, bayan an sauko

Yaron ya kwana cikin tsumma da kwalaben ruwan ɗumi, ya wayi gari shuɗi-shuɗi, ba ya ko motsi sosai. Na tambayi Dokta ko dole sai ƙirjin uwa. Ta ce na uwa ya fi, amma kowane ƙirji mai lafiya zai yi. Muka dubi juna, muka dubi taga, inda Hajjo ke tsaye tun asuba tana koya wa ma'aikata aikinsu.

Matsalar ita ce dokar asibiti ta hana masu jinya shiga ɗakin bakwaini. Dokta ta rubuta takarda zuwa biro, ofishin manya, aka ce za a duba a taron Litinin. Ta dawo idonta ya yi ja. Na ce ta ba ni wuri.

Mai Nasara ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna wasan ƙasa nake cin zalinsa. Na shiga biron nasa ba sallama na ce bawana ya tashi ya gaida uwargijiyarsa. Ya ce baiwar da aka ba shi kyauta ya ce ba ya so ce ta dawo. Muka yi ta yi har sakatarensa ya fita yana dariya. Sannan na rufe ƙofa na daina wasa.

"Kafin Litinin yaron nan yana cikin ƙasa," na ce masa. "Kai za ka bi tsohuwa Gidimuni ka yi mata bayanin taro."

Ya juya makulli a hannu. Ya ce dokar ba banza aka sa ta ba, masu jinya ne suka taɓa shigo da zawo ɗakin. Gaskiyarsa ce, ina nan aka yi. Ƙarshe ya yarda da sharaɗi: kaka ɗaya ga jariri ɗaya, Dokta ta duba lafiyarta, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta sa rigar asibiti. Maganar Direktan asibiti kuma, ya ce in bar masa ita. Ina fita ya ce a rubuta ina da bashin gaisuwa wurin ubangijina.

Asabar 12 ga Agusta, da hantsi

Hajjo ta shigo cikin koriyar riga tana tafiya kamar an naɗa ta sarauta. Da aka ɗora mata jikan ta leƙa shi ta ce, "Wannan ne mijin da aka yi mini? Ko fartanya ba zai ɗaga ba. Kwanta, maigida, ƙirjin ya bushe amma da sauran wuta." Ɗakin duka aka kwashe da dariya. Kulu ma na ga kafaɗarta tana rawa, fuska dai na bango.

Zafinsa ya hau ba da jimawa ba. Ya sha nono da kofi. Na fita bayan ɗaki na yi hamdala ni kaɗai.

Litinin 14 ga Agusta, da yamma

Kakanni uku yanzu a ɗakin. Surutu ya yi yawa, amma babu jaririn da ya yi sanyi. An yi taron, Mai Nasara ya sha faɗa, bai gaya mini ba, a bakin sakatare na ji. Mun sake gwada lambar na Gwaggo.

Ba ta shiga ba.

Laraba 16 ga Agusta, bayan la'asar

An raɗa suna a Gidimuni ba jariri ba mai jego. Zakari, mijin Kulu, ya zo da cinyar rago da rake da dabinon lambunsu na bakin tafki, ya tsaya a taga yana tambayar lafiyar "mutanen ɗaki", shi ma kunyar ta hana shi ambaton yaron. Hajjo ce ta yi shela: Abdul'aziz. Ta ce sunan ya fi mai shi nauyi. Kulu ta ja gyale ta rufe fuska, amma na ga leɓenta yana motsi a ƙarƙashi.

Juma'a 18 ga Agusta, da la'asar

Hajjo ta tashi da tari da mura. Dokta ta saurari ƙirjinta ta ce sai ta fita, ba za ta sake riƙe yaron ba sai ta warke. Tsohuwa ta yi rantsuwa ƙurar fanka ce, fankar da ba ta juya ba tun makon jiya. Ni kaina na so a ɗaga mata ƙafa. Dokta ta tsaya kai da fata, ta ce tarin da babba zai sha shayi ya warke shi ne ajalin bakwaini. Ba ta ɗaga murya ba, amma ba ta matsa ba. Na ji haushinta, na kuma san ita ce da gaskiya.

Kulu ta ƙi. Kuran babu. Sai na kwance maɓallin rigata na ce a ɗora mini shi.

Bai fi tafin hannuna biyu ba. Zuciyarsa tana bugawa a kan tawa da sauri-sauri, yana ta goga hanci yana neman abin da babu. Na zauna ina ba da umarni daga kujera, ina faɗa kamar kullum, don kada yaran aiki su dubi fuskata. Shekara ashirin da bakwai ke nan da aka yaye wani aka ɗauke shi daga gefena aka kai wa Gwaggo a Birni. Haka ake yi da ɗan fari, ban yi kuka a gaban kowa ba. Gwaggo ta rasu tun tuni, har yau na Gwaggo nake ce masa. Ban taɓa riƙe shi haka ba.

Ba zan iya zama da yaron kullum ba, gado fiye da goma ne a wuyana. Dole a samo wata dabara.

Asabar 19 ga Agusta, da azahar

Na iso da sassafe kafin kowa ya motsa. Daga bakin ƙofa na hango Kulu ta sauko daga gado, ta durƙusa gaban kwalbar da ba wuta, ta zura ɗan yatsa cikin tafin hannun yaron. Yana riƙe da shi gam. Da ta ji takuna ta zabura ta koma gado ta juya baya.

Ashe ba ɗan take gudu ba, ido take gudu. To ido kuwa ana iya tare shi.

Na aika gida aka ɗauko atamfar da na ajiye don biki, na hau kabu-kabu zuwa wurin Ɗan'azumi tela a Birni. Ya ce yana da ɗinkin amare, sai jibi. Na tuna masa wanda ya karɓi haihuwar tagwayensa. Kafin in gama shan ruwan da aka kawo mini ya kashe bakin atamfar ya sa zobba. Mai gadi ya ɗaura mana waya daga ƙusa zuwa ƙusa, gadon Kulu ya shige bayan labule.

Na tara 'yan aikin rana da masu shara da kakanni na ce abu ɗaya nake roƙo: abin da ke bayan labulen nan babu wanda ya gani, babu wanda ya sani, babu mai yabo. In za a auna zafi, a yi gyaran murya, a zura hannu, a dubi ma'auni kawai. Dokta ta ce wannan ba ya cikin abin da aka koya musu, amma ta fi kowa iya gyaran murya.

Na ajiye yaron a gefen Kulu na ce mata zan je farmasi, ban san mai riƙe shi ba. Na ja labule na fita. Da na dawo na zura hannu, yana ƙarƙashin zane, ɗumi kamar gurasa.

Talata 22 ga Agusta, da yamma

Ya ƙara nauyi. Ya fara kama nono da kansa, ina jin tsotson daga wajen labule ina yi kamar ina lissafin allura.

Ba ta shiga ba. Hadiza ta ce wai rezon waya ne babu a can. Na ce ni ban tambaye ta ba.

Alhamis 24 ga Agusta, da hantsi

Raina a ɓace yake.

Munira, shugabar masu gardin dare, ta dawo daga hutu jiya. Ta kwana tana ganin Kulu da yaro a ƙirji, ta ji daɗi. Da safe Malam Modu, uban mijin Kulu, ya iso daga Gidimuni ya tsaya a bakin ƙofa yana gaisuwa. Sai Munira ta yaye labule gaba ɗaya, ta ce da ƙarfi, "Baba, dubi surukarka, uwa ke nan mai son ɗanta."

Ƙirji a buɗe, ɗan fari a manne, suruki a tsaye. Na shigo daidai lokacin. Kulu ta kwance zanen, ta ajiye yaron a kan katifa kamar ya ƙone ta, ta dunƙule a lungu. Tsohon ya juya ya fita.

Na wanke Munira tas a gaban kowa. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Alhamis, bayan la'asar

Kulu ba ta ci ba, ba ta sha ba, nonon ma ya ɗauke. Ni da Bilkisu muke karɓa-karɓa da yaron. Zafinsa yana sauka da zarar an ɗaga shi, ya ƙi kofi, sai da Dokta ta zura masa ɗan tiyo ta hanci. Zakari ya zo taga ya ce Kulu ta roƙe shi a mayar da su gida, ba za ta iya ƙara kwana a ɗakin nan ba. Dokta ta gaya masa a fili: in aka hau mota da yaron nan yau, ba zai kai ko Mirya da ke kan hanya ba. Ya ce zai jira zuwa Asabar, saboda girmana.

Juma'a 25 ga Agusta, da safe

Na yi ta juya maganar. Ni da Munira ba ma magana tun Sallar Layya, da na sa ta gardi ranar idi ta gaya mini magana a gaban mutane. Tun daga nan in za mu miƙa aiki, sai in bar mata 'yar takarda a kan tebur in fita ta wata ƙofa. A takardar ranar Laraba na rubuta a auna zafi, a ba da nono. Maganar labule ba a rubuta ta, da baki ake faɗa, ni kuwa bakin nawa na hana ta. Na tara har masu shara na gaya musu, ita ce kaɗai ban gaya wa ba.

Na girme ta, ita ya kamata ta zo. Amma yaron ba zai jira a gama wannan lissafin ba.

Juma'a, bayan magariba

Na sayi alkaki na tafi gidan su Munira a Birni. An yi ruwa, lunguna duk yashi jiƙaƙƙe, na bar takalmina ɗaya a taɓo sai da wata mata ta ciro mini. Uwarta ta shimfiɗa mini tabarma tana mamakin abin da ya kawo majo da kanta. Munira ta fito ido a kumbure. Na shirya jawabi tun daga hanya, ba ta bari na fara ba.

"Tanti, wa ya gaya mini?"

Na ce babu. Na ce ni ce ban gaya mata ba, ta yafe mini faɗan jiya. Ta fashe da kuka ta ce ita ta ɗauka abin alfahari take nuna wa tsohon. Muka zauna har aka kira magariba, muka ci alkakin da na kawo mata. Mun yanke cewa daga gobe babu mai tafiya gida da safe sai an zauna, masu dare da masu rana da masu shara da Dokta, a bi gado-gado da baki: wa ya sha, wa ya ƙi, wace ce mai kunya, wace ce mijinta ke da zafin kai. Ita ce ta ce a riƙa dafa shayi, in ba haka ba kowa zai gudu.

Asabar 26 ga Agusta, da azahar

Mun yi zaman farko da shayi. A nan wata mai shara ta ce ai Malam Modu bai koma ƙauye ba, a masallacin bakin asibiti yake kwana. Na aika wa bawana Mai Nasara. Bayan sallar asuba dama tare suke zama a gindin bishiyar bedi, ashe har sun saba. Ban san me Mai Nasara ya gaya masa ba. Abin da na sani, da hantsi tsohon ya zo kusa da taga, ya juya mana baya, ya ɗaga murya yana gaya wa Zakari cewa idonsa yana ta damunsa, shekaranjiya ya zo gaisuwa bai ga komai a ɗakin nan ba sai atamfa mai ganye-ganye, a nema masa likitan ido. Mutumin da na gani da idona yana zura zare a allura yana ɗinke takalminsa.

Kulu ta ɗago kai kaɗan. Sai ga Hajjo a taga, takunkumi a baki, tari bai hana ta komai ba.

"Ke Kulu. Wannan mijina ne, ba naki ba. Dokotoro ta raba ni da shi. Aiki na sa ki, ki riƙe mini shi a ƙirji har in warke. In ya yi sanyi, ni da ke ne."

Kulu ta ce, "To, Iya."

Munira ce ta ɗauko yaron daga jikin Bilkisu ta ajiye a gefen Kulu, ta ja labule da hannunta, ta juya baya tana tambayar wa ya ɗauke mata almakashi. Zakari ya sallami mai motar da ya kira.

Talata 29 ga Agusta, da yamma

Nono ya dawo. An cire tiyo.

Asabar 2 ga Satumba, bayan la'asar

A zaman shayi Munira ta kawo shawarar a ɗinka wa zanen goyon hannaye kamar riga, don uwa ta iya barci ba tsoron yaro ya zame. Dokta ta zana, Ɗan'azumi ya ɗinka, Hajjo ta ce kamar rigar 'yan dambe. Tana aiki. Majon ɗakin haihuwa ta zo leƙen asiri ta koma da awo. Mai Nasara ya kawo tsofaffin zannuwan gado a yi wa kowane gado labule, yana cewa dabararsa ce. Na bar shi, bawa ma yana son a yabe shi.

Ba ta shiga ba. Ban sa Hadiza ba yau, ni na danna da kaina.

Laraba 6 ga Satumba, da hantsi

Kuran ya zo ya zauna tun safe. Kwalabe suka kama haske. Na dubi Dokta, ta ce masu rauni sosai a sa su, sauran a bar su inda suke, sun fi ƙiba a can. Direkta ya zagayo da kansa ya tsaya yana kallon kakanni. Ya tambayi yadda aka yi ba mu rasa jariri ko ɗaya ba tun da wuta ta ɗauke. Dokta ta fara bayani, Hajjo ta karɓe, ba a sake jin muryar kowa ba.

Alhamis 14 ga Satumba, da azahar

An sallami Abdul'aziz. Ya kusa kilo biyu, yana kuka kamar mai bin bashi. Dokta ta yi wa Hajjo da Zakari bayanin komai, ta kira ma'aikaciyar likitar Gidimuni, ƙaramin asibitin can, ta waya ta damƙa mata shi. Hajjo ta warke, amma ta ce bayanta ya fara ciwo, Kulu ta ci gaba da riƙe mata miji har ta ga hali.

Kulu ta fito da babban hijabi, yaron a ɗaure a ƙirji ba mai ganinsa. Ta durƙusa ta yi mini godiyar riƙon "mijin Iya". Ta roƙi kada a cire labulen, wata za ta zo. Har ta miƙe, sai ta matso ta rage murya.

"Inna, wayar da kike ta dubawa, Allah ya sa ta shiga."

Ba ta tambayi ta wane ne ba. Na ce amin, na kore ta kada mota ta tafi ta bar su.

Asabar 16 ga Satumba, bayan la'asar

Muna gama shayin safe wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ɗauka, na ji iska da hayaniyar inji, sannan murya ta ce, "Yaya, ni ne." Haka yake kirana tun yana ƙarami.

In da a gida ne, Hadiza zan miƙa wa, in tsaya gefe ina goge kwanon da na riga na goge. Hadiza ba ta nan. Ɗaki cike da mutane. Gadon Kulu babu kowa, sai na zauna a bakinsa na ja labule.

Ya ce sun ƙaura wani rami can ciki inda ba rezo, lafiyarsa lau, yana nan tafe bayan an girbe gero. Na buɗe baki in ce ya aiki, ya mutanen wurin, kamar kullum. Sai na ji na kira sunansa. Nazir. Ga shi har na rubuta.

Ya ce, "Na'am, Inna."

Ban san tsawon zaman da na yi a nan ba. Na ji muryar Mai Nasara a ƙofa yana neman majo, na ji Munira, wadda ya kamata tuni ta tafi gida, tana gaya masa majo ta je farmasi, ya dawo an jima. Da na fito babu wanda ya ɗaga kai. Dokta ta yi gyaran murya, ta miƙo mini ma'aunin zafi, ta ce gado na biyu yana jira.